Idon Baba da Gunki Mai Kan Shaho

Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, kai da Baba da akwatin talabijin, tunda na ji yanzu shi ne na uku a gidan.

Na kira ka har na gaji. Ka san a nan madatsar ruwa sai na zagaya bayan ɗakin gwaji, na tsaya a gindin tanki cikin rana, kafin waya ta kama. In ta kama kuma kai ba ka ɗagawa. Shi ya sa na koma biro da takarda. Direban wajen aikinmu yana shigowa gari duk mako sayen kaya, shi zai riƙa kawo maka, ka ba shi amsa a hannu.

Shi ne ma ya ba ni labari, yana dariya har da riƙe ciki. Wai ya shiga falonmu ya tarar bangon da Baba yake rataye agogunansa ya cika da hotunan mutane masu kan kare da kan tsuntsu, an ja jan zare daga wannan zuwa wancan. Ya tambaye ni ko ƙanina ya fara bokanci ne. Na ce a'a, boka ai yana samun na cefane. Ashe injin da maigidanka ya saya don buga katin biki, kai gumakan Fir'aunoni kake bugawa da shi? Mutum da gemunsa!

Wannan ba damuwata ba ce, in ka ga dama ka manna su har a goshinka. Damuwata idon Baba. Ka sani na sani, na hagun ya dushe tun kafin Mama ta rasu, na daman kaɗai ya rage masa, shi ma likita ya ce hawan jinin ido ya fara taɓa shi. Abu biyu aka ce mana: a ɗiga magani safe da yamma, a kuma mayar da shi a auna idon a ranar da aka rubuta a katinsa. Likita ya ce abin da ciwon nan ya ci ba ya dawowa. Ana ɗigawa? Ka duba ranar?

Kai ka dage Baba ya zauna a gidansa, ka ce za ka kula da shi. In ba za ka iya ba ka faɗa tun da wuri, in zo in ɗauke shi. Ina da ɗaki a nan, kuma bangona fes yake.

Ka gaishe min da Baba da kyau.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya mai girma,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa ta ladabi, da fatan aiki yana tafiya daidai, ruwan da kike aunawa kuma yana nan a jiƙe kamar yadda aka san shi.

Takardarki ta iso. Baba yana lafiya, yana ci yana sha, yana ɗiga maganinsa da hannunsa, don ya ce shi ba jariri ba ne. Kwalbar tana raguwa, ina dubawa. Katin asibiti yana kan firij.

Game da direbanki, ban yi mamaki ba. Mutumin da iliminsa bai wuce taya da birki ba, me zai gane? Amma ke mai digiri ce, don haka zan yi miki bayani sau ɗaya. Shirin sunansa Gashin Jimina, ana nuna shi duk Asabar da yamma. Ana kashe mutane ɗaya bayan ɗaya a wani gidan adana kayan tarihi, kuma kusa da kowace gawa ana barin ɗan ma'auni da gashin jimina a kai. Mutanen Masar na dā sun ce idan mutum ya mutu, wani mai kan dila, dila ba kare ba, yana ɗora zuciyarsa a ma'auni ya gwada ta da gashin jimina. Wata Sufeto ce ke binciken. Tatsuniya ce muke nazari, ba bauta ba, kada ki fara min wa'azi.

Muna da zaure a waya inda masu hankali ke tattauna wanda ke kisan. Akwai marasa hankalin ma. Shugabansu wani ne mai sayar da rigar waya da ya raɗa wa kansa Farfesa. Shi wai Sufeto ce da kanta ke kisan, hujjarsa kawai an nuna kyanwa a ofishinta. Kin ji fa! Kyanwa! Ni kuwa na gano cewa shirin gaba ɗaya labarin mai kan shaho ake maimaitawa, wanda baffansa ya kashe masa uba, suka yi faɗa har baffan ya ƙwaƙule masa ido. Bisa ga haka, ƙanin shugaban gidan tarihin shi ne makashin.

Ga abin da zai ba ki mamaki. Baba yana kallo tare da ni, kuma ya fi mu duka gani. Kin tuna yadda yake rufe ido ɗaya idan zai duba cikin agogo? To haka yake yi idan an zo wajen da aka ɓoye alama. Rannan mai gadi ya haska wani akwati da tocila, sai na ga Baba ya dafe ido ɗaya. Mako na gaba a cikin akwatin nan aka sami gawa! Na ba da labari a zaure, Farfesa ya yini bai leƙo ba. Mutumin da ya shekara arba'in yana gano ƙurar da ta tsayar da agogo, ba ɗan fim ne zai ɓoye masa abu ba.

Maganar ɗauke shi kuma, na karanta masa wajen. Sai ya tashi ya shiga ɗaki.

Ki huta lafiya.

Ƙaninki

*

Auta,

Sallama da gaisuwa. Na gode da karatun da ka ɗora ni a kai. Yanzu na san bambancin kare da dila, rayuwata ta gyaru.

Na tambaye ka abu biyu, ka amsa min a layi uku, sannan ka cika shafi da baffan tsuntsu. Kati yana kan firij! Firij ɗin ne zai kai shi asibiti? Na ce ka duba ranar, ka faɗa min ranar.

Kai da Farfesan naka duk kanwar ja ce. Shi yana bin kyanwa, kai kana bin shaho, waɗanda suka rubuta shirin kuwa suna can suna shan shayi, su kansu ba su yanke wanda zai zama makashin ba tukuna, sai sun ga ɗan wasan da ya fara neman ƙarin albashi su kashe shi. Ina da abokiyar aiki a nan mai irin ciwonku, kullum tana lissafin wa ya kalli wa. Ko ita ba ta ja zare a bango ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne jan Baba da ka yi cikin shirmen. Tsohon da mutane ke tahowa daga unguwanni masu nisa da agogon kakanninsu a ƙunshe cikin hankici, shi ka mayar ɗan duba? Dattijo ya sosa ido, ka ruga zaure ka yi shela. Gobe in ya yi atishawa sai ka ce Fir'auna ne ya aiko da saƙo.

Kuma wa ya ce ka karanta masa wancan wajen? Da kai nake magana, ba da shi ba. Kullum haka kake, tun kana yaro, a faɗa maka magana ka kai ta inda za ta yi ɓarna.

Ka rubuto min abin da likita ya ce, da lambar da ya auna. Ba na son jin sunan tsuntsu ko ɗaya.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, duk da cewa ba a mayar min da irinta.

Ranar asibiti ta zo daidai da ranar da zaure ya sa mana muhawara kai tsaye ni da Farfesa. Da na ƙi zuwa, da ya ce na gudu. Na tambayi Baba, shi da bakinsa ya ce a ɗaga, babu abin da ke damunsa. Za mu je idan shirin ya ƙare, saura kaɗan. Kwalbar magani ta kusa ƙarewa har na sayo wata, kin ga ana amfani da ita ke nan.

Kin ce ba kya son sunan tsuntsu, to ki yi haƙuri, don abin da ya faru ya wuce ni da ke. Baba ya sake yi, har sau biyu. Na farko da motar shugaban gidan tarihin ta dallare allo da fitilunta. Na biyu da aka nuna shi shugaban a tsakiyar hamada da rana tsaka. Duka biyun Baba ya ɗora tafin hannu a ido, har ya sunkuyar da kai don tsananin tunani.

A nan ne na gano abin da ya wuce kan kowa. A wajen mutanen Masar na dā, idon hagu na mai kan shaho wata ne, na dama kuma rana. Wanda baffan ya ƙwaƙule na hagu ne. To amma Baba ba na hagu yake rufewa ba, na dama yake rufewa, kullum na dama. Ma'ana yana ce mana mu bar bin wata, mu bi rana. Na koma na tsayar da hoton na ƙara girmansa, sai ga zobe a yatsan shugaban, da zanen rana a jikinsa! Ashe ba ƙanin ba ne, shugaban ne da kansa. Na amsa kuskurena a bainar jama'a, abin da Farfesa ba zai iya ba ko za a yanka shi.

Yaya, da kin ga zaure ranar. Mutane sun ninka. Yanzu ina ajiye waya a gefe tana ɗaukar Baba yayin kallo, in tura musu. Sun sa masa suna Tsoho Mai Ido. Har daga wasu ƙasashe ana tambaya, yau ya rufe ko bai rufe ba? Farfesa ya ce ni nake taɓa shi da ƙafa ta ƙarƙashin tebur. Hassada ce ke cinsa, shi ubansa ko labarai ba ya ganewa.

Tun rasuwar Mama ban ga Baba yana jiran wata rana ba sai yanzu. Tun Juma'a yake tambayata ko gobe ce Asabar. Wannan ba ya cikin abin da ake aunawa a ɗakin gwajinki.

Na gode da kulawa.

Ƙaninki

*

Auta,

Babu doguwar gaisuwa. Ka ajiye rimot ka karanta wannan a tsaye.

Na dama? Ka ce na dama yake rufewa?

Kai ba ka zauna a shagon Baba ba, lokacin kana goye. Ni na zauna. Ni ke riƙe masa ɗan farantin da yake zuba ƙananan kusoshi, in na motsa ya harare ni. Duk tsawon aikinsa, na hagu yake runtsewa, ya maƙala ɗan madubinsa a na dama. Na dama shi ne idon aikinsa. Mai gyaran agogo ba ya rufe idon da yake gani da shi don ya duba abu, ko mahaukaci ba ya haka. Kuma runtsewa yake yi, ba dafewa da tafin hannu ba.

Ka koma kan jerin hujjojinka, malam mai nazari. Tocila. Fitilar mota. Rana tsaka a hamada. Kai da ka hango zobe a yatsan ɗan fim, ba ka ga abin da ya haɗa ukun nan ba? Haske ne, sakarai! Haske ke sukar idon, shi ya sa yake dafe shi yana sunkuyar da kai. Ba tunani yake ba, azaba yake sha. In ya rufe na dama kuwa, da me yake kallon? Da na hagun da ba ya bambance mutum da ƙofa? Duk lokacin da kuke ihu Tsoho Mai Ido ya gano wani abu, a lokacin ba ya ganin komai.

Ka ɗaga ranar likita saboda muhawara da mai sayar da rigar waya. Na karanta wajen nan sau da yawa ko zan ga wasa kake yi. Ka ɗauki hoton mahaifinka yana fama da ciwo ka raba wa duniya, 'yan zaman banza suna tafa maka.

Ranar da takardar nan ta same ka, ka sa shi a mota ku tafi asibiti. Ba washegari ba. In ka ƙi, wallahi ina samun hutu zan zo in tattara shi da kayansa, kai kuma in bar ka da karnukanka na bango.

Yayarka

*

Yaya,

Na amsa sallamar da ba ki yi ba.

Sakarai ya karanta takardarki. Duk da zagin, na je na sami Baba a ɗakinsa na ce, "Baba, idonka yana ciwo?" Ya ce, "Wa ya ce?" Na ce tambaya kawai nake. Ya ce, "Yayarka ce ta aiko ka ko? Har yanzu tana nan kan maganar ɗauke ni?" Na ce ta ce a kai ka asibiti yau. Ya ce, "Ka ce mata ina nan daram. Ni da idona, wani ne zai faɗa min yana ciwo daga bakin madatsar ruwa?" Har ya faɗa min launin rigar da ke jikina, kuma daidai ya faɗa.

To wa zan yarda da shi, mai idon ko ke?

Na gane abin da ke faruwa. Tun da aka ce Baba zai zauna da ni abin ke cin ranki. Ke ce babba, ke ce mai digiri, ke ce mai riƙe farantin kusoshi, ni kuwa ɗan goye ne da bai san komai ba. Yau na yi abu ɗaya da mutane suka yaba, sai kin nemo hanyar da zai zama laifi. Akwatin gawa fa? Shi ma hasken ne ya sa gawar a ciki? Ke da Farfesa bambancinku kaɗan ne, shi dai yana kallon shirin kafin ya yi musu.

Asabar mai zuwa ce kashi na ƙarshe. 'Yan zaure na cikin gari za su zo gida su kalla tare da Baba, har da Farfesa, don ya gani da idonsa cewa ba na taɓa kowa da ƙafa. Na ari kujeru. Baba ya sa an goge masa babbar rigarsa. Ba zan ja shi asibiti a ɗaure masa ido ana saura kwana kaɗan ba, bayan ya ce lafiyarsa lau. Litinin da safe zan kai shi, in aiko miki da lambarki ki rataya a bangonki mai tsabta.

Ki huta.

Auta

*

Auta, ƙanina,

Assalamu alaikum. Na ba mai motar da ke kawo mana sinadari wannan, ya yi min alkawarin zai biyo ta gida kafin Asabar.

Na nemi hutu an hana ni. Abokiyar aikina ta haihu, ni kaɗai ce a ɗakin gwaji, kuma ruwan da ake tura wa gari ba ya fita sai na sa hannu. Na yi kuka a ofishin shugabanmu, ni da ban taɓa ba. Ya ce sai mai canjina ta iso.

Launin riga! Rigunan fita nawa gare ka? Baba ya san ƙamshin kowacce.

Ka ce ba na kallo nake musu. To na kalla. Na ari waya na koma gindin tanki na kalli kashi ɗaya har ƙarshe. Sufeton taku tana shiga ɗakin ajiya mai duhu ita kaɗai ba ta kunna fitila, tana taka shaida da dogon takalmi, kowa a shirin yana magana kamar an shaƙe shi. Wannan ne abin da ya raba ni da ƙanina. Amma na kuma karanta tatsuniyar taku. Ka ba ni rabinta ne. Bayan an ƙwaƙule wa mai kan shaho ido, wani mai kan jinjimi ya zo ya yi masa magani har idon ya dawo. Ko a cikin shirmen mutanen dā, da ido ya lalace magani aka nema. Ba a ce danginsa sun jera kujeru suna kallon yadda yake dafe shi ba.

Na san in na ce ka yi abu, kishiyarsa za ka yi, kuma na san bakina ne ya ja. Don haka ba umarni nake ba ka ba. Kai mai son hujja ne, ga gwaji. Ranar Asabar idan ya dafe idon, ka tsayar da hoton ka tambaye shi wa ke kan allo. Ko ka ɗauko agogon hannun Mama a cikin durowa ka miƙa masa ka ce ya faɗa maka lokaci. In ya faɗa daidai, ka karanta takardun nan nawa a zaure, kowa ya yi min dariya, ni da kaina zan buga maka hoton mai kan dila in aiko.

In bai faɗa ba, kada ka jira a gama shirin. Na roƙe ka don darajar Mama.

Yayarka

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Daga asibiti nake rubuto miki, a kan benci, takardar a kan gwiwata.

Ban yi niyyar yin gwajinki ba. Na sa agogon Mama a aljihu ne don in kunyata ki.

Falo ya cika, har a ƙasa an zauna. Farfesa ya zo da tabarau da littafin rubutu, ya zauna kusa da ƙafata yana gadi. Baba yana tsakiya cikin babbar riga. Ana cikin shirin Sufeto ta banke ƙofar saman bene, rana ta cika allo, sai Baba ya ɗora hannu a ido. Nan take wayoyi suka tashi sama. Na tsayar da hoton na ce, "Baba, wa ka gani?"

Ya daɗe yana juya kai. Sannan ya ɗaga yatsa ya nuna. Yaya, ba talabijin ya nuna ba. Bango ya nuna, can gefen firij, inda na manna hoton mai kan dila.

Kin san abin da suka yi? Ihu suka sa. Farfesa ya miƙe yana cewa, "Mai kan dila! Mai wankan gawa! Likitan gawarwaki ne makashin, tun farko na yi zarginsa!" Wani ya ce a'a, firij ya nuna, ma'ana akwai gawa a cikin sanyi. Suka kaure da musu a kan yatsan mahaifina. Ni kuwa ina kallon ruwa yana bin tsakanin yatsunsa yana ɗiga a kan rigar da aka goge.

Na janye hannunsa. Idon ya yi ja wur, tsakiyarsa ya yi hazo. Na sa masa agogon Mama a tafin hannu na ce ya duba min lokaci. Ya shafa shi, ya gane shi, ya juya shi sama a ƙasa. Sai ya kai shi kunne ya saurara, ya ce, "Yana tafiya daidai."

Na ce kowa ya fita. Wata ta ce to a bari su ƙarasa mana, saura kaɗan. Farfesa ya tambaye ni ko zan bar masa rimot ya rufe gidan idan an gama. Waɗannan su ne masu hankalin da nake ba ki labari. Ban san lokacin da na fara jifa da kujerun aro ba.

Likita ta auna idon ta dube ni ta ce, "Wa ke ɗiga masa magani?" Na ce shi da kansa. Ta ce ya nuna mata. Ya ɗaga kwalbar ya matsa, maganin ya sauka a kumatunsa ya gangara wuyan riga. Haka yake yi tun tuni, ba ya ganin bakin kwalbar. Ni kuma ina duba kwalba tana raguwa ina rubuto miki. Na sha wanke rigunansa ina ganin tabo a wuya, ban taɓa tambayar kaina ba, ni da ke ƙara girman hoto don in ga zobe.

Sun yi masa aiki da safen nan. Ta ce da an zo ranar da ke kan kati da magana ta bambanta. Yanzu ba ta yi alkawarin komai ba, sai an kwance bandejin a ga abin da ya saura.

Ban san wanda ya yi kisan ba. Wayata tana ta ƙara a aljihu, ban duba ba.

Ki zage ni yadda kike so, wannan karon ba zan amsa ba.

Auta

*

Uwata,

Ina gaishe ki, ina sa miki albarka. Auta ke rubutawa, na ce ya rubuta yadda na faɗa, kuma zan sa ma'aikaciyar jinya ta karanta min in ji ko ya rage wani abu.

Na haifi 'ya'ya biyu masu ilimi. Ɗaya yana zaune kusa da ni yana karanta ni kamar jarida, bai ga ina ciwo ba. Ɗaya ta gano ciwon daga nesa, amma ta cika takardu da zagin ƙaninta, ba ta rubuto min ko layi ɗaya ba, sai dai in ji za a zo a tattara ni da kayana kamar tsohuwar katifa.

Ni na ɓoye, kada ki ɗora masa duka. Na san in na ce yana ciwo za ki raba ni da ɗakin da uwarku ta zauna. Shirin nan kuwa ban taɓa gane komai a cikinsa ba, mutane ne ke ta gudu a duhu. Amma duk Asabar yaron nan yana zama kusa da ni har kafaɗarsa tana taɓa tawa, yana tambayata me na gani. An daɗe ba a tambaye ni haka ba.

Alhamis za su kwance. An ce mai canjinki ta iso. Ki zo ki tsaya a gabana, ta dama, don in idon ya buɗe ba na son in fara da fuskar likita. In bai buɗe ba, ki zo dai, ki yi magana daga bakin ƙofa. Kuma ki bar zagin a madatsar ruwa, na ji isasshe.

Mahaifinki